Shuɗi a Tafin Ƙafa

Tankar fetur ta faɗi a hanyar Bida, gaba kaɗan da Gidan Kwano, wajen ƙarfe takwas na safe. Mutane suka fito da jarkoki da bokitai, har da masu kwanon wanki. Ba a yi rabin awa ba wuta ta tashi. Kafin hantsi babban asibitin gari ya cika, aka fara juyo da sauran zuwa wani ƙaramin asibiti da ke bayan unguwar Limawa, mai gado goma sha huɗu da likita ɗaya.

Irimiya, wanda ya shekara tara yana aikin jinya a wurin, shi ya buɗe bayan a-kori-kurar farko. Ya kama hannun wani zai sauko da shi, fatar ta zare ta biyo shi kamar safa. Mutumin bai yi kuka ba. Ya dubi hannunsa, ya ce a ba shi ruwa.

Kafin mota ta uku ta tsaya, an shimfiɗa mutum fiye da arba'in a baranda da tsakar asibitin. Warin fetur da na ƙonannen gashi ya cika ko'ina. Sista Alisabatu, babbar ma'aikaciyar jinya, ta ja Irimiya zuwa ɗakin magani ta turo ƙofa.

"Ledar ƙarin ruwa talatin da ɗaya gare mu," in ji ta. "An aro doguwar mota, za ta kai mutum goma sha biyu babban asibitin Gwagwalada, likita zai bi su. Wanda wuta ta ci kashi uku cikin huɗu na jikinsa, ko rijiya ka juye masa ba zai tashi ba. Ka sani, na sani. Ruwan da zai sha a banza na mutum biyu ne."

"Wa zai zaɓa, Sista?"

"Kai. Idonka ya fi nawa, ni kuma hannuna ya fi naka samun jijiya."

Ta sauko da kwalbar shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo, wanda in ya taɓa fata sai ya kwana bakwai bai fita ba. Ta ce kada ya sa alama a goshi, dangi za su gani su yi tambaya. Ya sa a tafin ƙafa, inda takalmi ya kare daga wuta, inda kuma ba mai dubawa. Wanda ya ja wa layi, a shiga da shi ko a sa shi a mota. Wanda ya yi wa da'ira, a kai shi inuwar mangwaro a yi masa allurar kashe zafi.

Safar hannu ta ƙare tun mota ta biyu. Irimiya ya tsoma manuniyarsa a kwalbar, ya fita.

Ya yi ta bin su a durƙushe. Ya duba ƙirji, ya duba baya, ya ɗaga ƙafa. Ba ya kallon fuska. Wata tsohuwa ta riƙe masa riga tana tambayar ko ɗanta zai warke, ya ce ana ƙoƙari, Mama, alhali yatsansa ya riga ya zagaye.

Ana cikin haka wani Keke Napep ya shigo da gudu. Wani ƙaton mutum ya sauko rungume da ƙaninsa. Mutumin shi ne Mudi, mahauci a Sabon Gari. Ƙanin kuwa Zakiyyu ne, ɗan acaɓa mai shekara ashirin da huɗu, wanda ya tsaya cika tankin babur ɗinsa a wurin tankar. Daga gashin kansa har gwiwa baƙi ne wuluk, yana sheƙi. Irimiya ya dube shi na tsawon numfashi goma, ba fiye ba, domin akwai mutum shida a bayansa suna jira. Ya ɗaga ƙafarsa ya zagaye.

Zakiyyu ya janye ƙafar. "Yaya, yana min cakulkuli," ya ce da dasasshiyar murya.

"Ina za a kai shi?" Mudi ya tambaya.

"Inuwa. Za a zo masa."

"Me yake bukata? Faɗa min in nemo."

Irimiya yana so ya wuce. Ya ce, "Ruwan ƙari, in ka samu." Mudi ya kwantar da ƙaninsa a gindin mangwaro, ya ce masa yanzu zai dawo, ya fita da gudu yana bin shagunan magani.

Motar Gwagwalada ta tashi da rana tsaka. Kafin azahar an rataye leda ta ƙarshe.

Kubura mai shara ce a asibitin, dattijuwa 'yar Limawa. Ba wanda ya sa ta, amma ta ɗauki roba da tsumma ta koma gindin mangwaro tana goge wa waɗanda aka ajiye can fuska, tana kore musu ƙudaje. Ita ce ta leƙo baranda ta yafito Irimiya.

"Zo ka ga wani abu, ɗana. Kada ka yi magana, ka duba kawai."

Ruwan robar ya yi baƙi, maiƙo na yawo a samansa. Inda ta goge a ƙirjin Zakiyyu kuwa, fata ce lafiyayya, har da gashinta. Ta ƙara gogewa a cikinsa, baƙin ya biyo tsumma.

"Baƙin mai ne," in ji Kubura. "Na inji. Ka san mutanenmu, wai yana zuƙe wuta daga jiki. Wani ne ya shafe shi da shi tun a can."

Irimiya ya karɓi tsumman ya shiga gogewa da kansa. Hannaye sun ƙone, da baya, da cinya ɗaya. Bai kai rabin jiki ba. Layi ya kamata ya ja masa. Da yanzu yana cikin mota da allura a hannu, ya wuce garin Lambata a hanyar Gwagwalada.

Zakiyyu ya yi awa huɗu ba ɗigon ruwa a jijiyarsa. Leɓensa ya tsage, idonsa ya faɗa. Irimiya ya ruga ciki. A gado na uku akwai wata mata da ledarta ta rage rabi. Ya kai hannu zai cire, Sista Alisabatu ta buge hannun da ƙarfi.

"Sista, na yi kuskure. Akwai wanda..."

"Kubura ta gaya min tun kafin ta kira ka. Wannan matar in ka cire mata, ba za ta ga magariba ba. Wancan kuskure ne. Wannan da gangan za ka yi."

Suka haɗa ruwan gishiri da sukari, Irimiya ya tallafi kan Zakiyyu yana ba shi da cokali. Ya sha uku, ya amayar da su. Ya tambaya ko Yaya ya dawo. Kafin a kira la'asar ya cika, kansa a cinyar Irimiya.

A lokacin asirin alamar ya riga ya tonu. Wata mata da ke yi wa mijinta fifita ta lura da da'irar a ƙafarsa. Ta duba na kusa da shi, ta duba na gaba. Duk wanda ke gindin mangwaro da'ira gare shi, kuma ba ko ɗaya da aka sa wa ruwa. Ta tofa yawu tana murza ƙafar mijin da gefen zaninta, shuɗin ya ƙi fita. Ta miƙe ta fara faɗa wa mutane. Maganar ta fita bakin ƙofa, inda dangi suka yi cincirindo tun safe, ta koma cewa ma'aikatan asibiti sun sa wa mutane hatimin mutuwa.

Mudi ya dawo da leda biyu a kafaɗa, waɗanda sai da ya kai har unguwar Bosso kafin ya samu. Ndaceko mai gadi ya gane shi ya buɗe masa. Ya tarar an rufe fuskar ƙaninsa. Ya durƙusa kusa da gawar. Wani ya matso ya ɗaga masa ƙafar mamacin, ya nuna masa da'irar, ya gaya masa ma'anarta.

Ndaceko ya ga abin da ke tafe, ya yi ƙoƙarin sa sakata. Ƙofar ta faɗo a kansa. Wani ya ɗauki katako ya sauke masa a baya, wani ya ƙara masa a kai, jini ya rufe masa ido. Yana rarrafe yana cewa da karyayyiyar Hausarsa, "Sista, mutane ya shigo, ku ɓoye." Suka tattake shi suka wuce. Duwatsu suka fara sauka a tagogi, gilashi na zuba a kan majinyatan da ke gadaje. Wani saurayi ya tumɓuke sandar da aka rataye ledar ruwa yana dukan bango da ita, jinin majinyacin ya biyo robar ya malale a ƙasa.

Ma'aikatan da suka rage su biyar ne: Sista Alisabatu, Irimiya, Kubura, wata nas mai suna Faith, da Muttaka mai ba da magani. Suka shige ɗakin magani, suka tokare ƙofa da kabad. Daga waje ana dukan ƙofar, ana cewa a fito da mai shuɗin hannu.

Irimiya ya tsiyaya sifirit a auduga yana dirzar yatsansa. Audugar ta rine, yatsan bai canja ba. Ya dirza har fatar ta ɗaye.

"Bari wahalar da kanka," in ji Kubura. Ta jawo kwalbar ta tsoma manuniyarta har gindi, ta ɗaga tana juya ta. "Dama tun bikin 'yata ban sa lalle ba."

"Baba Kubura, ba ruwanki a wannan."

"Wa ya ɗauke su zuwa gindin mangwaron? Aljanu?"

Faith ta tsoma nata. Muttaka ya ce shi ko matarsa ba ta taɓa sa shi ya yi ƙunshi ba, sai ga Baba Kubura ta sa shi. Ya tsoma. Sista Alisabatu ce ta ƙarshe.

"Ni na ba ka kwalbar," ta ce wa Irimiya. "In sun tambaya, ka yi shiru. Ba za su iya da mu biyar ba."

Ƙofar ta tsage daga sama, kabad ɗin ya kife, kwalabe suka tarwatse. Aka jawo su waje ɗaya bayan ɗaya. An ja Faith da gashi, an fasa wa Muttaka baki da gwiwar hannu. Aka gurfanar da su a gindin mangwaro, tsakanin gawawwaki da waɗanda ba su gama mutuwa ba.

"Ku ɗaga hannu," wani ya ce.

Suka ɗaga. Yatsu biyar, duk shuɗi.

Taron ya dubi yatsun. Sai wani mai jar hula ya yi dariya. "To, ai sun sauƙaƙa mana. Duk su ne." Ya juya ya yi kira, aka mirgino tayar mota daga bakin titi. Wani ya zo da galan. Warin ya gaya wa kowa ko mene ne a ciki, kuma daga inda aka ɗebo shi da safe.

Irimiya ya ga an rataya wa Kubura tayar a wuya, domin ita ce a farkon layi. Ta rufe ido tana motsa baki. Lissafin Sista bai fita ba. Yatsun da aka rina don a kare shi sun zama hujjar ƙone mutum biyar.

"Ni ne," ya ce. Bai ji muryarsa ba, sai ya ƙara. "Ni na sa alamar. Ku duba, nawa ya bushe har ya shiga farce. Nasu ɗanye ne."

Mudi ya ratso taron. Wuƙarsa ta aiki tana hannunsa, mai faɗin nan ta sara ƙashi. Ledojin ruwan biyu har yanzu suna rataye a kafaɗarsa, ya manta da su. Ya tsaya a kan Irimiya. Sai a lokacin Irimiya ya dube shi sosai. Hannayen Mudi baƙi ne har gwiwar hannu. Baƙin ya shiga faratansa, ya ɓata gaban rigarsa inda ya rungumo ƙaninsa.

"Kai ka ce min za a zo masa," in ji Mudi.

"Ni ne."

"Na yi masa duk abin da na sani. Tun a bakin hanya na samu mai wurin wani bakanike na shafe shi, don wutar ta fita daga jikinsa. Na kawo maka shi yana magana. Me ya sa?"

Amsa uku ce a bakin Irimiya. Zai iya cewa yaron ba mai tashi ba ne, wanda ƙarya ce, kuma ƙirjin mamacin yana nan a buɗe zai ƙaryata shi. Zai iya cewa man da ka shafa ne ya rufe min ido, wanda gaskiya ce, kuma wataƙila ta sa wuƙar ta faɗi daga hannun Mudi. Amma mutumin zai tashi da ita kullum, ya kwanta da ita, har ranar da za a binne shi. Ta ukun ma gaskiya ce, sai dai ba duka ba.

Robar baƙin ruwan tana nan kusa da gawar. Kubura, da taya a wuyanta, ta miƙa ƙafa a hankali ta ture ta. Ruwan ya bi ƙasa ya shige. Ta zare mayafinta ta jefa a kan ƙirjin Zakiyyu.

"Na duba shi da gaggawa," in ji Irimiya. "Na ɗauka ba zai tashi ba. Da na tsaya na duba shi da kyau, da yanzu yana cikin mota. Ka kawo shi da rai. Laifin nawa ne."

Mudi ya daɗe yana kallonsa. Mai jar hula ya ce a kawo tayar nan. Mudi bai waiwaya ba. Ya sunkuya ya kama wuyan hannun Irimiya kamar yadda yake kama ƙafar akuya, ya ɗora a kan saiwar mangwaron, ya lanƙwashe sauran yatsun da babban yatsansa. Sara ɗaya ya yi. Wuƙar ta shige cikin itacen.

Irimiya bai ji zafi nan take ba. Ya ga yatsan a ƙasa, shuɗi, ƙasa ta manne masa. Sai jinin ya yi tsartuwa ya fesa wa Faith a riga, ta fasa ƙara. Sannan zafin ya zo, ya bi hannun ya hau har haƙoransa, ya kife a kan gwiwoyinsa yana amai.

Mudi ya zare wuƙar daga saiwar, ya juya ya fuskanci taron. "Na karɓi nawa," ya ce. "Wanda ya kunna ashana a inda ƙanena yake kwance, da shi zan ƙarasa."

Ba wanda ya motsa. Mutanen da suka zo ƙone mutum biyar suka tsaya suna kallon yatsa ɗaya a ƙasa, kamar ba su taɓa ganin jini ba. Can wajen titi aka ji jiniyar 'yan sanda. Na baya suka fara zamewa. Mai galan ya ajiye shi a hankali ya bi su.

Sista Alisabatu ta miƙe. Ta riga ta yage gefen rigarta ta ɗaure wa Irimiya hannu, ta ɗora yatsun Faith a kan ɗaurin. Ta tako har gaban Mudi, wuƙar na ɗiga tsakaninsu.

"Malam, ledojin da ke kafaɗarka," ta ce. "Ƙaninka ba ya bukatarsu. Akwai wata mata a gado na uku, nata ya ƙare."

Mudi ya dubi kafaɗarsa kamar wani ne ya ɗora masa su. Ya sauke su ya ajiye a ƙasa, ba a hannunta ba. Ya saɓi gawar ƙaninsa da mayafin Kubura a kai, ya fita ta inda ƙofa take a da. Ko ya ga ƙirjin a wurin wanka ya gane, ko bai gane ba, Irimiya bai taɓa sani ba.

A ɗakin magani, a kan fasassun kwalabe, Sista Alisabatu ta yi masa ɗinki. Allurar kashe zafi ta ƙare a gindin mangwaro, don haka Muttaka ya danne masa kafaɗa, da kumburarren bakinsa yana ce masa ya yi haƙuri, yanzu ko ya nuna mutum ba za a ce ya yi rashin kunya ba. A benci Kubura na wanke wa Ndaceko kai.

"Me ya hana ka gaya masa maganar man?" Sista ta tambaya, idonta a kan zaren.

"Ni yatsa ɗaya na bayar. Shi da me zai biya?"

"Kada ka mai da shi alheri, Irimiya. Kai ma so kake a hukunta ka. Na ga fuskarka lokacin da ya kama hannun, ko ja ba ka yi ba."

Irimiya ya so ya ce ba haka ba ne, ya duba cikinsa bai samu tabbacin da zai faɗa da shi ba.

"Ni na ce ka duba su kai kaɗai," ta ci gaba, ta ja zaren har ya cije leɓe. "Ni na ce ka yi sauri. Da ana yanke yatsa a kan haka, da nawa aka fara. Ba za ka ɗauki laifin nan ka kai gida kai ɗaya ba, ba naka ba ne kai kaɗai."

Ba ta gama naɗe bandeji ba aka ji hon a waje. Faith ta leƙa ta fasasshiyar taga. Wata a-kori-kura ce, da mutum bakwai da aka tsinto a gonaki, waɗanda suka gudu da wuta a jikinsu suka faɗi cikin dawa. Bayanta kuma motar gwamnati da katan huɗu na ruwan ƙari. Kowa a ɗakin ya yi lissafin a zuci. Ba zai ishi duka ba.

Kubura ta ajiye tsumman Ndaceko, ta cika bokiti, ta ɗauki sabulu. "Ni zan fara," ta ce. "Ba wanda za a ɗaga wa ƙafa sai na wanke shi."

Kwalbar shuɗin ba ta fashe ba, ta gangara ƙarƙashin tebur. Muttaka ya ɗauko ta ya rasa wanda zai miƙa wa. Irimiya ya karɓa da hannun hagu.

"Zauna," in ji Sista.

"Kin ce idona ya fi naki."

Ta dube shi, ta dubi bandejin da jini ya fara ratsowa. "To. Kai ka duba, ni in duba. In bakinmu bai zo ɗaya ba, mu sake dubawa."

Suka fita tare. Na farko dattijo ne, Kubura ta riga ta goge masa ƙirji da baya. Irimiya ya durƙusa. Wannan karon ya fara da fuskar, ya tambayi mutumin sunansa, ya ce Alfa. Ya duba shi a hankali har ƙafa. Ya ɗago ya dubi Sista, ita ma ta dube shi ta gyaɗa kai, bakinsu ya zo ɗaya. Ya miƙa mata bakin kwalbar, ta tsoma yatsanta, shi kuma ya ajiye kwalbar ya riƙe mata diddigen dattijon.